A koya wa yara ƙirga daga littafin labari

Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin malaman nazare da iyaye. Yaro ɗan shekara 4 yakan rera ɗaya zuwa ashirin, amma a ajiye masa tsakuwa 6 sai ya ce 8, domin bakinsa ya riga yatsansa. Hadda ce kawai, kuma littafin labari mai hotuna yana gyara wannan.

A zaɓi wanda abubuwan cikin hotonsa suke a rarrabe, kada su wuce 5 da farko, daga baya 10. A karatun farko a bar yara su ji daɗin labarin. A na biyu a tsaya a shafi guda, yaro ya taɓa kowane tsuntsu sau ɗaya yana ƙirgawa, sannan a tambaye shi, "Nawa ne duka?" In ya koma farko yana sake ƙirgawa, bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimla ba tukuna, kada a yi gaba. In labarin ya ce tsuntsaye 2 sun tashi, a ba shi tsakuwa 5 ya janye 2 da hannunsa.

Tambaya 2 ko 3 sun isa a zama na minti 10. In suka yi yawa, labarin ya koma jarrabawa, yara su gundura.

Naku,
Wani malamin makaranta