Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Hancin Da Ya Daina Jin Ƙamshi

Assalamu alaikum, aminina. Ya iyali, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce tun da murar nan ta sake ka hancinka bai dawo ba, abinci ya zama lami, abu kaɗan sai ya hasala ka. Ba raki ba ne. A can saman kogon hanci akwai jijiyoyi masu kama ƙamshi da wari, makamansu sun kai iri kusan 400 a jikin ɗan Adam. Gano su ne ya sa aka ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. Saƙon ido da na kunne sai sun ya da zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, na hanci kuwa kusan kai tsaye yake faɗawa sashen da ke riƙe da tsoro da nishaɗi da tuna baya. Shi ya sa turaren wuta ko ƙamshin ƙasa a ruwan farko kan sauya wa mutum rai tun bai san dalili ba. In wannan hanya ta toshe, ƙunci da ƙin abinci sukan biyo baya.

Harshe zaƙi yake ji, da gishiri, tsami, ɗaci da daɗin romo. Ragowar armashin miya aikin hanci ne. Don haka kada ka riƙa zabga gishiri da dunƙule, hawan jini kawai za ka jawo. Nemi yaji, citta da lemun tsami. Ka kuma yi wa uwargida bayani, kada ta zaci girkinta ne ya gaza.

Jijiyoyin nan suna sake tsirowa, kuma ana horar da su. Thomas Hummel na Dresden a Jamus ya gwada hanyar a 2009 da ƙamshi huɗu: wardi, lemun tsami, kanumfari da man zaiti, wato na itacen eucalyptus. Sa kowanne a 'yar kwalba mai murfi. Safe da yamma ka shinshina kowace kamar daƙiƙa 15, a hankali, kana tuno yadda abin yake a da, sannan ka ɗan huta kafin ta gaba. Mako 12 ne mafi ƙaranci. Inda aka fi kuskurewa shi ne zuƙa da ƙarfi, sai iskar ta zarce zuwa huhu, da kuma yin fushi a watsar bayan mako biyu. In ƙamshin kwalba ya sane, sabunta shi. Wani a gida zai gaya maka.

Wataƙila nan gaba albasa, soyayyen nama ko kofi su riƙa yi maka warin ruɓa ko ƙauri. Kada ka tsorata, galibi alama ce jijiyoyin na farfaɗowa ba su gama daidaita ba. Abinci mai sanyi ya fi sauƙin ci a lokacin.

Kafin nan, kula da tukunyar gas: warin da ake sa masa don gargaɗi ba zai iso gare ka ba. Rufe ta da dare, kwantan miya kuma wani ya shinshina maka. In kafar hanci ɗaya ce ta toshe, ko kana haɓo, ko ka taɓa buguwa a kai, je ka ga likitan hanci da kunne, kada ka jira.

Ka gaishe min da yara.

Naka amini.