Godiya ga Injiniyoyin da Suka Tsaya Kan Rufin Makarantarmu

Assalamu alaikum.

A madadin kwamitin iyayen yara na makarantar Islamiyyar ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, ina miƙa godiya a bainar jama'a ga ofishin injiniyoyin gini na Dutse da muka kai wa kukanmu, bayan iskar farkon damina ta yaye mana kwanon azuzuwa biyu har sau biyu, duk da cewa mun sake rufin da sabon katako.

Abin da ya fi burge ni shi ne, injiniyan da kuka turo bai fara da lissafin kuɗi ba, sai da ya zaunar da mu tare da kafintocinmu ya fahimtar da mu yadda iskar hadari take. Ya ce akwai wadda ke faɗowa daga cikin gajimare kai tsaye zuwa ƙasa, ta bugi ƙasa, sannan ta watsu ko'ina kamar ruwan da aka kwara a kan daɓe, kuma ƙarfinta ya fi tsanani a kusa da ƙasa, wato daidai tsayin gine-ginenmu. Masanin yanayi Ted Fujita na Jami'ar Shikago ne ya bayyana irin wannan iska bayan hatsarin jirgin sama da ya auku a Niyok a 1975.

Ya kuma nuna mana bidiyon ɗakin gwaji na WindEEE da ke Jami'ar Western a Kanada, mai kusurwa shida da fankoki 106, inda ake sako iska daga sama a kan ƙananan samfuran gidaje da aka saka wa na'urorin auna matsi. A nan muka gane cewa iska ba tura kwano kawai take yi ba, tsotsarsa take yi zuwa sama, musamman a kusurwoyi da bakin rufi, kuma idan ta samu ƙofa ko taga a buɗe sai ta cika ɗaki ta tunkuɗo rufin daga ciki. Idan gudunta ya ninka biyu, nauyin da take ɗora wa gini yakan ninka huɗu. Wallahi, dattawanmu da suka daɗe suna cewa a rufe tagogi idan hadari ya haɗo daga gabas, ranar suka ji dalilin maganarsu.

Da wannan ilimi aka ɗaure katakon rufi da langalanga har cikin siminti, aka ƙara yawan ƙusoshi a gefuna da kusurwoyi, aka kuma rage tsawon kwanon da ya zarce bango. Damina ta wuce, yara ba su rasa karatun ko yini ɗaya ba, kuma kafintocin da suka yi aikin sun riga sun gyara rufin masallacin Juma'a ta wannan hanya.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa ofishinku albarka.

Naku,
Shugaban Kwamitin Iyayen Yara