A naɗi muryar tsofaffinmu kan zamanin yaƙin Hitila

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mani rai. Duk sanda aka tashi zancen Yaƙin Duniya na Biyu, labarin sojojinmu da aka kai Burma ake yi, 'yan runduna ta 81 da ta 82 da suka gwabza da Japanawa cikin daji, kuma sun cancanci haka, Allah jiƙansu. To amma waɗanda aka bari gida fa, daga 1939 har 1945 wa ya taɓa zama ya tambaye su yadda suka kwana suka tashi?

Mutanen ƙasar Katsina da Daura sun ji yaƙin nan a jikinsu ko da ba a harba bindiga nan ba. Da Japan ta kama Malaya a 1942 Turawa suka rasa kuza, sai suka juyo Jos, aka riƙa ɗibar maza daga ƙauyuka ana kai su aikin tilas a ramukan haƙar kuza, ga sanyin Jos ga ƙarancin abinci, wasu ba su dawo ba, gonakinsu mata da yara da tsofaffi aka bar mawa. Ga matsin a noma gyaɗa, ga kuɗin taimakon yaƙi bayan haraji, gishiri da kananzir da yadi duk sun yi wuya. Sannan Nijar daga 1940 zuwa 1942 tana hannun Faransawan Vichy masu biyayya ga Hitila, iyaka ta tsuke, mai 'yan uwa ko fatauci a Maraɗi da Damagaram shi ya san abin da ya gani. A 1944 ma cikin yaƙin Sarki Dikko ya rasu Usman Nagogo ya hau.

Kakata takan ba mu labarin yadda ake taruwa a zaure mai ilimin boko ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da ƙarfi, matan da 'ya'yansu ke soja suna laɓe a soro suna kasa kunne ko za a ambaci inda aka kai su. Ta rasu da sauran labarin a bakinta, wallahi abin na yi mani ciwo, don irin wannan ba ka samun shi a fayil ɗin Razdan ko na En'e, su lissafin buhun gyaɗa da kan mutum suka rubuta.

Wanda ke da shekara 10 a 1945 yau ya kai 90 ko ya haura, kun ga ba sauran jira. Roƙona gidan rediyonku ya ware shiri ko na rabin awa ne a mako, a shiga unguwanni da ƙauyuka a naɗi muryarsu, kuma a tura mata 'yan jarida su shiga cikin gida wajen tsofaffin mata, don su ne suka riƙe gidajen kuma ba za su saki jiki da baƙon namiji ba. A bar su su yi magana da Katsinancinsu da Dauranci, kar a gyara masu. 'Yan sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua za su iya rubutawa, a aje kwafi a gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina. Mu ma masu waya a hannu, wanda Allah ya bar mashi kaka ko kakan kaka ya je ya zauna da su ya danna rikodin, ku kuma ku ba da lambar da za a riƙa turo maku.

Na gode, Allah ƙara basira.

Mai sauraronku daga Ƙofar Sauri, Katsina