Amsa ga mai tambaya a kan hawayen da waƙar bege ke jawowa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya kai ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da mahaifanka, na ga ya dace in amsa maka a rubuce tambayar da ka yi mini a filin tambayoyin addini na rediyo, domin lokacin da aka ba ni bai isa a warware magana irin wannan ba, kuma tun da a bainar jama'a ka yi ta, waɗanda suka saurara su ma suna da haƙƙin ganin amsar. Ka ce idan ka ji ana rera Ishiriniya ko wata waƙar begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tsigar jikinka tana tashi, wani lokaci har hawaye su zubo maka, alhali mafi yawan baitocin ba ka san ma'anarsu ba. Ka ce wani abokinka ya gaya maka wannan ba son Annabi ba ne, daɗin murya ne kurum, irin wanda mai sauraren goge yake ji. Ka nemi in faɗa maka gaskiyar lamarin.

Abin da nake gani shi ne, abin da kake ji na gaske ne, kuma babu dalilin da zai sa ka ji kunyarsa. Sai dai shi kaɗai ba ya zama shaidar imani, haka kuma ba ya zama shaidar cewa waƙar da ta jawo shi mai kyau ce. Ma'anar da ke cikin baitin ita ce ke raba gardama, shi ya sa rashin sanin ma'anar nan da ka ambata a ƙarshen maganarka ya fi damuna a kan zargin abokinka.

Bari in fara da murya, domin a nan abokin naka yake da hujja. Allah Ya halicci zuciyar ɗan Adam tana karkata ga sauti mai daɗi, kuma addini bai yi musun haka ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah yana da wani mai kora raƙuma da waƙa, sunansa Anjasha, wanda idan ya ɗaga murya raƙuma sukan ƙara sauri, har Annabi ya umarce shi da ya sassauta saboda matan da ke bisa. Idan dabba tana motsawa da murya, ina ga mutum? Haka kuma Annabi ya yaba wa muryar Abu Musa al-Ash'ari a karatun Alƙur'ani, ya kwatanta ta da irin wadda aka bai wa iyalan Annabi Dawuda. Saboda haka daɗin murya ba laifi ba ne a kan kansa, ni'ima ce da ake iya yi wa Allah godiya da ita, ake kuma iya saɓa maSa da ita.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin littafinsa Ihya'u a kan sauraren waƙa da halin da yake jefa mai sauraro, kuma abin da ya tsaya a kai shi ne cewa waƙa ba ta zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, tana motsa abin da ta tarar ne. Manomi zai fi kowa gane wannan: ruwan farkon damina ɗaya ne yake sauka a gona, amma inda aka shuka gero, gero ke fitowa, inda irin ƙuduji yake kwance a ƙasa kuma shi ma da wannan ruwan zai samu ƙarfi. Mu mutanen Maraɗi ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Garin nan da Tsibiri sun daɗe da sanin bori, har fada tana da Iya mai kula da sha'aninsa, kuma kowa ya san yadda goge da garaya da kiɗan ƙwarya suke kai mutum ga faɗuwa ƙasa yana makyarkyata. Jiki ya motsa a can, jiki ya motsa a majalisin bege, amma wanda ake kira a wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Don haka duk mai son ya yi hukunci, ya bar kallon jikin mai sauraro, ya saurari abin da bakin mai rerawa yake faɗa.

To, me Ishiriniya take faɗa, kuma me ya sa take kama ka haka? Mawallafinta shi ne Abu Zaid Abdurrahman Alfazazi, mutumin Andalus, wanda ya rasu a Marrakesh a 1230. Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ya yi masa baiti 20 na yabon Annabi, daga nan ne sunan ya samo asali. Daga baya Ibn Mahib ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku a gabansa ya zama ƙwar biyar, kuma da wannan siffar ce ta iso ƙasar Hausa ta zauna a zaurukan malamai. Kowace ƙasida da harafinta take ƙare baitoci, don haka kunnenka yakan riga mai rerawa sanin inda zai sauka, idan kuma ya sauka ɗin sai ka ji wata natsuwa. Ga karin da ba ya canzawa, ga numfashin jama'a da ke haɗuwa wurin amshi, ga kuma lokacin da aka saba yin ta, wato dararen watan Maulidi, bayan an sallame isha'i gari ya yi tsit. A kan wannan duka akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba: yawancinmu mun fara jin wannan karin ne muna goye ko muna kwance kusa da kakanninmu, saboda haka idan ya dawo kunnenmu yakan dawo tare da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wani ɓangare na hawayenka na iya zama na wannan kewar ne, kuma ban ga aibu a ciki ba, domin tuna mamata ƙofa ce ta tuna Lahira.

Magabatanmu sun san ƙarfin wannan abu sarai, shi ya sa ba su bar shi a Larabci kawai ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, cikin ƙasar Gobir kusa da Galmi ta yau, ya yi ƙasidar begen Annabi da Larabci tun yana saurayi, amma da ya juya ga makiyaya da manoma sai ya yi musu wa'azi da waƙa a cikin harshen da suke ji. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta mayar da waƙar wa'azin mahaifinta, Tabban Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa, ta kuma shirya jajoji, mata masu ilimi da take naɗa wa malafa, suna bin ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu mata tauhidi da tsarki da tsoron Allah ta hanyar waƙa. Hausa kuwa ta karɓi wannan aiki ba tare da wahala ba, domin tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar yadda Larabci yake da su, don haka karin Larabawa ya zauna mata daidai. Abin da ke ba ni sha'awa a nan shi ne tarihin garinmu. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar ne suka kafa Maraɗi, kuma shekaru masu yawa ana gwabza yaƙi tsakaninsu da daular Sakkwato. Amma waƙoƙin gidan Shehu sun shigo inda dawaki suka kasa shiga, har jikokin mayaƙan suka haddace su suna koya wa 'ya'yansu.

A zamanin da ya fi kusa da mu kuma ga Infiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, wanda ya rasu a 1990. Duk wanda ya girma a tsakanin Maraɗi da Katsina ya ji makafi suna rera ta a bakin kasuwa ko a tashar mota, jagora na gaba, amshi na biye. Hausa ce tsantsa, tana maganar mutuwa da kabari da hisabi da begen Ma'aiki, kuma dattijon da zai tsaya da kayansa a ka ya saurara yana share ido ya san abin da ya sa shi kuka. A wurina wannan kukan ya fi ƙarfi, domin muryar ta buɗe zuciya, ma'anar kuma ta shiga ta zauna.

Ba zan ɓoye maka ba cewa malamai sun yi saɓani a wannan babi, kuma saɓanin yana nan a cikin garinmu, wani lokaci ma a cikin gida guda. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin fiƙihun Malikiyya a nan ya karanta, ta hana mutum ya yi niyyar sauraren kayan kiɗa na wasa da waƙe-waƙen banza. Malaman Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma yi ƙarfi a Maraɗi daga baya, suna tsananta wa wannan, wasunsu har da taron Maulidin kansa. A ɗaya gefen kuma 'yan Ƙadiriyya suna zikiri da mandiri, 'yan Tijjaniyya suna rera diwanin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, jama'a kuma suna yin ɗango zuwa garin Kiota, cibiyar Tijjaniyya a Nijar, kowace shekara don Maulidi, kuma su ma suna da hujjojinsu, har da hadisin 'yan mata biyu da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi Annabi bai hana ba. Amma ka lura da iyakar saɓanin: yawancinsa a kan kayan kiɗa ne da yadda ake taron. Shi kansa waƙen yabon Annabi da murya ba wanda zai iya kore asalinsa, domin Hassanu ɗan Sabit yana rera waƙa a masallacin Madina, Ka'abu ɗan Zuhair ya yi yabo a gaban Annabi, sahabbai kuma suna waƙe suna haƙa ramin Handaƙ.

Inda nake tsayawa da ƙarfi, ba tare da la'akari da ɓangaren da mutum yake ba, wurare biyu ne. Na farko shi ne wuce gona da iri. Annabi da kansa ya hana a zurfafa yabonsa irin yadda aka zurfafa wa Annabi Isa ɗan Maryam, ya ce shi bawa ne, a kira shi bawan Allah kuma ManzonSa. Idan haka ne ga fiyayyen halitta, to, baitin da ya ba wani shehi ko waliyyi siffar da ta keɓanta ga Allah ɓata ne, ko da an rera shi da muryar da za ta narkar da zuciya. A nan ne haɗarin rashin fahimta yake, domin mutum na iya zubar da hawaye a kan maganar da in an fassara masa ita zai nemi tsari. Na biyu shi ne abin da ya cika wayoyin samari a yau: a shiga sitidiyo, a ɗauki karin waƙar soyayya ta finafinai, a cire sunan budurwa a sa sunan Annabi, a zuba fiyano a kai. Ban ce duk masu yin haka ba su da kyakkyawar niyya ba, wasunsu masoya ne na haƙiƙa. Amma kunnen da ya saba jin wannan karin a gidan biki, gidan biki zai tuna, kuma ina jin ciwon ganin yaro ya haddace irin waɗannan da yawa bai san baiti ɗaya na wa'azin magabatansa ba.

Akwai kuma ma'aunin da kai kaɗai za ka iya ɗora kanka a kai. Cikin mutane bakwai da Allah zai sanya a inuwarSa ranar ƙiyama akwai wanda ya tuna Allah shi kaɗai idanunsa suka zubar da hawaye. Ka duba ko abin da kake ji a cikin taro yana zuwa maka idan ba kowa. Ka duba ko daren da ka kwana kana sauraren bege yana tashinka sallar asuba ko kuwa yana hana ka ita, ko yana sa ka sassauta wa mahaifiyarka murya, ko ka cika mudu idan kana awo. Sannan ka duba matsayin Alƙur'ani a zuciyarka, wanda shi ba waƙa ba ne kuma babu waƙar da ke kusantar darajarsa. Annabi ya sa Abdullahi ɗan Mas'ud ya karanta masa Suratun Nisa'i, da ya kai aya ta 41 ya ce masa ya isa, idanunsa suna zubar da hawaye. Idan ƙasida tana sa ka kuka amma ayar Allah tana wuce ka ba ka ji komai ba, to akwai gyara, kuma gyaran shi ne ka ƙara kusantar Alƙur'ani da tafsirinsa, ba sai ka ƙaurace wa ƙasidar ba.

Shawarata gare ka, ɗana, ita ce ka sayi Ishiriniya, ba ta wuyar samu wurin masu sayar da littattafai a bakin masallatai, ka kai ta gaban malamin zaure a unguwarku ka roƙi ya biya maka ita kalma bayan kalma, kamar yadda aka saba, ko da harafi ɗaya ne a wata. Ka haɗa da waƙoƙin wa'azi na Hausa, waɗanda ba ka buƙatar tafinta a kansu. Abokinka kuwa kada ka yi gaba da shi, domin tsoron kada ka ruɗu ne ya sa ya yi maganar. Ka gayyace shi ku zauna gaban malamin tare, idan ya ji baitin da yake ganin ya saɓa wa shari'a ya faɗa, a buɗe littafi a duba.

Allah Ya ƙara mana son ManzonSa da bin sunnarsa. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Wassalamu alaikum.

Daga babanka a Musulunci, malamin makarantar ilimi a Maraɗi.