Wasiƙa ga ɗiyata da za ta taimaka wajen horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan Birnin Kebbi. Saƙonki ya iso cewa an tura ki wajen Argungu sanin makamar aiki, tare da masu horar da matan da ke bin gida-gida kan lafiyar yara. Allah ya sa albarka. Na ga gara in rubuto, domin maganar waya iska ke ɗauke ta, takarda kuwa kina iya komawa kanta.

Abu guda nake so ki riƙe: kada mace ta bar ɗakin horo sai kin ga hannunta ya yi aikin. Za a ba ki rajista da rabon littattafai, ki yi su da kyau. Amma ainihin aikinki yana can bayan aji, inda idon babban malami ba ya kaiwa. Wadda ta amsa tambayoyin takarda duka tana iya shiga gida ta kasa ƙirga numfashin yaro.

Da numfashin zan fara, don nan aka fi tuntuɓe. Yaro ya kasance a natse a cinyar uwarsa, a ɗaga riga, a kafa ido wuri ɗaya a ƙirji ko ciki, a ƙirga minti ɗaya cur da agogo. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, 40 ne. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, asibiti kai tsaye. Wata za ta ƙirga shiga da fita a matsayin biyu, sai ta mayar da lafiyayyen yaro mai limoniya. Wata ta ƙirga na daƙiƙa 15 ta ninka, alhali numfashin jariri yakan yi sauri ya lafa. Wata kuma ta ƙirga yaro yana tsala kuka. Allo ba ya gyara wannan. Ki nemi izinin mai kula da asibitin, ranar rigakafi ki kai su uku-uku, ke da kowace ɗaya ku ƙirga yaro ɗaya a lokaci guda, kowa ta rubuta nata a ɓoye. In tazararku ta wuce biyu ko uku, a sake. Ki kuma nuna musu faɗawar ƙasan ƙirji lokacin da yaro ke jan numfashi, su gan ta da ido, domin wannan ba ta jiran gobe.

Gwajin zazzaɓin cizon sauro ma haka. A goge yatsa a bari ya bushe kafin a soka, jini ɗan kaɗan daidai alamar da ke jikin abin ɗiba, ruwan gwajin kuma ɗigon da takardar kwalin ta faɗa, ba a aro na wani kwali. Ana karantawa bayan minti 15 ko 20 gwargwadon irinsa. Mai gaggawa takan duba a minti biyar ta ce babu, mai sakaci ta dawo bayan awa guda ta ga layin ƙarya. Ki sa su rubuta lokaci a jikin abin gwajin. In layin C, wato mai nuna cewa gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace ko da ɗayan ya fito. Kayan kuma ba sa son zafi, kada a bar su a rana ko cikin akwatin babur.

Tef ɗin awon damtse na yaro ɗan wata 6 zuwa 59 ne. Tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. Ɗaure tef da ƙarfi da barinsa sako-sako duk ƙarya suke bayarwa. Kada su manta danna bayan ƙafa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In rami ya zauna, a tura yaron asibiti ko da tef ya nuna kore.

Na gudawa kuwa, kada ki ce "lita ɗaya" ki wuce, ba kowa ke da lita a kai ba. Ki kawo leda biyu ta fiya wata, kowace rabin lita ce, su juye su dama ORS ɗin, wato garin gishiri da sukari na gudawa, a gabanki, bayan sun duba abin da jikin ledar maganin ya ce. Abin da ya kwana ya wuni a zubar. Zinki kuma kwana 10 ne aƙalla, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba, kuma iyaye kan daina da zarar zawo ya tsaya. A nan ake buƙatar bakin da ya iya lallashi.

In kin riski damina, za ki ga rabon maganin kariyar zazzaɓi ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Na ranar farko a sha shi a gaban ma'aikaciya, na rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa, kuma can ake yin asara. Yaron da ba shi da lafiya ko mai shan maganin ƙwayoyin cuta na Septrin ba a ba shi. Za a tambaye su batun allurar rigakafin maleriya da aka fara a jiharmu da Bayelsa a Disambar 2024. Su san amsa: ana yi wa yaro ita a wata 5, 6, 7, sannan 15, kuma ba ta maye gurbin gidan sauro.

Yanzu ke kanki. Yawancin matan nan sun haife ki, wasu ungozomomi ne da suka karɓi haihuwar rabin garinsu. Ki ce Inna, ki ce Malama, ki durƙusa ki gaishe su. Kada ki gyara wa dattijuwa kuskure a gaban jama'a, ki zauna gefenta ki ce, "Inna, mu sake tare." Ki bar Turancin makaranta a jaka. In kin lura wata ta fi sakewa da ajami, ko da Zabarmanci ko Fillanci, ki haɗa ta da wadda za ta fassara mata, ba tare da kin tona ta ba. Abin da ba ki sani ba ki ce za ki tambayo. Maganar alawus kuma ba taki ba ce, kada ki yi alkawarin kuɗin da ba ya hannunki.

Alamun haɗari su haddace su kamar karatun allo: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, aman duk abin da aka ci, da yaron da ba ya farkawa sosai. Ki tambayi kowace wane asibiti za ta tura, wa ke da babur ko kwalekwale a garinsu, kuma ta ina ake bi in ruwa ya cika.

Kafin ki baro, ki roƙi shugabanku ya sa ki cikin masu komawa duba su bayan mako huɗu zuwa shida, ki bi kowace gida biyu ko uku ki ga hannunta. Ku fara da gaishe da mai gari, kuma kada magariba ta same ku a hanya.

Ƙannenki suna gaishe ki. Ki tafi da gidan sauronki da agogo mai nuna daƙiƙa. Allah ya tsare, ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.