Sanarwa kan awon taurin hanta

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan lafiya na yankin Ringim. Masu tura masu ciwon hanta nau'in B birni awon FibroScan (na'urar da ke aika girgiza cikin hanta don auna taurinta), don Allah ku ja musu kunne: kada su ci komai awa 3 kafin awo, ko da kunun safe ne. Abinci na ƙara kwararar jini a hanta, sai na'ura ta nuna tauri fiye da gaskiya.

Rigingine ake kwanciya, hannun dama bisa kai, a ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Bugu 10 masu kyau ake so. In awo ya haura kilofaskal 12.5 (kilofaskal shi ne ma'aunin taurin), alamar hanta ta ƙandare ke nan.

Mai ruwa a ciki kuwa, ku hutar da shi kuɗin mota, girgizar na'urar ba ta ratsa ruwa.