Naman sa da dankali: a daina ɗora wa mahauci laifi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan dafa naman sa da dankalin Turawa, domin da zarar nama ya yi tauri sai a ce mahauci ne ya cuci mutum, alhali yawanci matsalar daga tukunya take.

Tun a zaɓen nama ake kuskure. Tsoka zalla ba ta dace da wannan girki ba, bushewa take yi. A nemi ƙwauri ko kafaɗa ko ƙirji, inda jijiya da ɗan kitse suka ratsa. Jijiyar nan ce ke narkewa sannu a hankali ta ba romo kauri, har ka ji yana ɗan kama leɓe.

Kilo 1 na nama yana ɗaukar kilo 1 na dankali, da albasa 2, karas 3, tafarnuwa, cokali 2 na fulawa, cokali 1 na tumatirin gwangwani, da ruwa kamar lita 1. A yanka naman manya-manya, a tsane shi sosai da tsumma mai tsabta, a barbaɗa gishiri da masoro. Sai a soya a mai mai zafi kashi uku, ba duka a tashi ɗaya ba. Idan aka cika tukunya, zafinta sauka yake yi, naman ya fitar da ruwa ya yi fari fat, ƙamshin suya kuma ya tafi ke nan. Ɗan ƙanzon nan mai launin ƙasa da ke manne a gindin tukunya kada a wanke shi, can daɗin yake. Bayan an kwashe naman, a soya albasa da tafarnuwa a kan ƙanzon, a zuba fulawa da tumatir a juya minti 2, sannan a tsiyaya ruwa ana kankarewa.

A mayar da nama, a rufe, a rage wuta yadda ruwan zai riƙa ɗan motsi kawai. Ɓararraka tana matse nama ta ƙone gindin tukunya. A ba shi awa 1 da rabi zuwa 2, sai cokali mai yatsu ya shige ba gardama. A lokacin ne dankali da karas za su shiga, su yi minti 30. Wanda ya zuba su tare da nama, kunu zai sauke. Tumatir ma idan ya yi yawa, tsaminsa yana hana dankali nuna da wuri.

Ina jan hankali kan dankalin da ya yi kore ko ya tsiro: wurin yana da guba. A fere shi da zurfi, idan koren ya yi yawa a zubar.

Idan romo ya tsinke, a murƙushe dankali biyu a ciki. Abin da ya rage kuma ya shiga firji kafin awa 2, a cinye cikin kwana 3.

Wassalam,
Mai karatunku